Murar Tsuntsaye da Kasuwar Kaji: Jawabi ga 'Yan Kasuwa da Iyalan Figil

Sarkin kasuwa, ranka ya daɗe. Lawanai da masu unguwanni, limamai da shugabannin majami'u, iyayenmu mata da maza, fataken kaji da dillalai da masu figa, da baƙinmu da suka tsallako iyaka daga Cadi da Najeriya, ina gaishe ku baki ɗaya, ina kuma gode muku da kuka bar rumfunanku kuka ba ni aron kunnuwanku.

Ni ma'aikaciyar lafiyar al'umma ce, aikina da mutane ne. Amma yau maganar kaji ta kawo ni, domin akwai cutar da ke farawa a akurki, ta ƙarasa a gadon asibiti, kuma kafin ta kai can ta riga ta cinye jarin gida. Sunanta murar tsuntsaye. Abu ɗaya nake so ku tafi da shi daga wannan zama: wannan cuta ba ta da ƙafar da za ta taka daga Marwa ko Garwa ta zo Figil. Ɗauko ta ake yi, a cikin kwando, a bayan babur, a ƙarƙashin takalmi. Tunda kuwa hannunmu ke ɗauko ta, hannunmu na iya tare ta.

Ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu

A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da mugun nau'inta, wanda masana ke kira H5N1, a nahiyar Afirka. Wata babbar gonar kaji ce a Jaji, cikin jihar Kaduna, inda kaji wajen 40,000 suka mutu. Kafin watan ya ƙare ta bayyana a Kano da Filato, ta kuma tsallaka Magarya a Jamhuriyar Nijar. A watan Maris na wannan shekara gwamnatin Kamaru ta sanar da samunta a jikin agwagi a birnin Marwa, daga baya aka same ta a kusa da Garwa. Ku duba inda Figil take: a kan babbar hanyar da ta haɗa waɗannan birane biyu, kamar tsakiyar igiya.

Bayan shekaru ta dawo. A farkon 2015 ta sake ɓarkewa a Kano da Legas. A watan Mayun 2016 ta faɗa wa gonar kaji ta Mvog-Betsi a Yawunde, kaji kusan 15,000 suka mutu cikin 'yan kwanaki, ta kai Bafusam, yankin da ya fi ko'ina kiwon kaji da samar da ƙwai a ƙasar nan. Hukuma ta rufe kasuwannin kaji, aka hana jigila, masu kiwo da fatake da yawa suka karye. A watan Janairun 2017 wani ɗan'uwan wannan ƙwayar cuta, H5N8, ya kashe dawisu masu yawa a wani gida da ke yankin Tokombere, a Arewa Mai Nisa. Da likitocin dabbobi suka bi sawu, sai suka tarar da ƙwayar a jikin tsuntsayen da aka kasa don sayarwa a kasuwannin Marwa da Yagwa. A watan Fabrairun 2022 kuma ta sake tashi a yammacin ƙasar. Wannan jerin shekaru ya isa ya nuna mana cewa cutar tana lafawa ne kawai, ta jira ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yadda take tafiya

Asalin mazaunin ƙwayar shi ne tsuntsayen ruwa na daji, irin agwagin da ke tasowa daga ƙasashen sanyi su sauka a Tafkin Cadi, da tafkin Lere, da madatsar Lagdo, da gaɓar Binuwai a lokacin hunturu. Da yawansu suna ɗauke da ita ba tare da sun nuna ciwo ba. Agwagwar gida ta sha ruwa inda suka sha, ta koma gida da yamma ta kwana da kaji. Wannan ƙofa ce ta farko, kuma ba mu da ikon hana tsuntsu tashi.

Ƙofa ta biyu ita ce tamu, ita ce kuma ta fi faɗi. Ƙwayar tana fita da yawa a cikin kashin tsuntsu, da majinarsa, da yawunsa, tana kuma manne wa gashinsa. Ku dubi ranar kasuwa. Kazar wannan ƙauye da zabuwar wancan, da agwagwa da tantabara da talotalo, duk an ɗaure su a kwando ɗaya ko an ɗora keji a kan keji, kashin na sama yana zuba a kan na ƙasa, ƙwarya ɗaya suke shan ruwa. Mai saye ya ɗaga wannan ya auna nauyinta, ya ajiye, ya ɗaga waccan. Idan guda ɗaya ta zo da cutar da safe, kafin la'asar ta rarraba ta ga maƙwabtanta.

Daga nan sai tafiya. Bafatake ya ci kasuwar Pitowa ran Lahadi, abin da bai sayar ba ya wuce da shi wata kasuwar, daga can ya zo nan, gobe ya nufi Gidar ko Lere, wani ya bi ta Mayo-Ulo ya gangara Mubi. Kazar da ta kamu tana iya yin kwana biyu ko uku, wani lokaci fiye, tana ci tana sha kafin ta kwanta. Agwagwa kuwa tana iya yawo da ƙwayar har ƙarshe babu alamar komai a jikinta. A cikin waɗannan kwanaki babur ya riga ya ratsa garuruwa biyar da iyakar ƙasa ɗaya. Jami'in kan iyaka yana duba takarda, ƙwayar cuta kuwa ba ta nuna takarda.

Ko babu tsuntsu ma tana tafiya. Kejin da ba a wanke ba, kwalin ƙwai da aka sake amfani da shi, buhun dusa, tayar babur, takalmin dillalin da ke shiga gida gida, da takin kaji da ake kaiwa lambu, duk abin hawa ne a gare ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayar tana rayuwa a cikin kashin kaji kimanin kwana 6 a tsananin zafi, a wuri mai sanyi kuwa takan haura wata guda. Shi ya sa hunturu ya fi haɗari, kuma a hunturun ne cinikin kaji ke hauhawa saboda Kirsimeti da sabuwar shekara, kamar yadda yake hauhawa a jajibirin Sallah.

Ɗabi'u biyu da ke ciyar da annoba

Ta farko ita ce gaggawar sayarwa. Mutum ya wayi gari ya tarar da kaji uku a mace, saura sun yi jugum. Abin da zuciya ke fara raya masa shi ne ya kwashe sauran ya kai kasuwa tun suna da numfashi, ya sayar ko da rabin kuɗi ne. Ba wanda zai ce bai fahimci wannan ba, kaza ita ce asusun talaka. Da ita uwa ke biyan kuɗin makaranta, da ita ake sayen magani, da ita ake karɓar baƙo. Amma ku auna abin da ke biyo baya. Mai kaji goma ya tsira da kuɗin biyar, ya zuba cutar a kasuwar da ɗaruruwan tsuntsaye suka taru, waɗanda za su watsu gidaje kafin magariba. Mako mai zuwa annobar ta zagayo unguwarsa, hukuma ta rufe kasuwa, shi da wanda ya saya duka su zauna hannu wofi. Mai saye ma ya yi hattara: idan ka ga kaza mai araha fiye da kima, kuma mai ita yana ta ƙoƙarin rabuwa da ita, ka tambayi kanka dalili. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Ta biyu ita ce mayar da kwantai cikin akurki. Kazar da ta yini a kasuwa ba ta sayu ba, da yamma sai a kwance ta a sake ta cikin 'yan'uwanta. Haka nan wadda aka sayo don kiwo, ko aka kawo kyauta, ko aka karɓa a biyan bashi. Ta nan ne cutar kasuwa ke shiga gida. Ƙa'idar da nake roƙon kowa ya riƙe ita ce: duk tsuntsun da ya taka kasuwa baƙo ne, ko da a gidanka aka ƙyanƙyashe shi. A ware shi a wani keji can nesa da sauran, da ƙwaryar ruwansa da ta abincinsa daban, har mako biyu cur, idan da hali uku. A riƙa ba na gida abinci tukuna, sannan a je wa baƙon, a wanke hannu da sabulu bayan an gama. Idan kwanakin suka cika yana lafiya, sai a haɗa su.

Alamomin da za a lura da su

Babbar alama ita ce mutuwa mai yawa cikin ɗan lokaci: jiya lafiya, yau gawa, gobe ninkin ta yau. Sauran alamomi su ne kumburin kai da fuska, zankon zakara ya koma shuɗi ko baƙi, jini ya kwanta a ƙarƙashin fatar ƙafa, majina da wahalar numfashi, gudawa, murɗewar wuya, tsayawar ƙwai farat ɗaya, ko ƙwai mai laushin ɓawo.

Dattawa za su ce ai wannan annobar kaji ce da muka saba gani duk hunturu. Gaskiya ne akwai waccan, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasul, kuma tana da allurar rigakafi mai sauƙin kuɗi da ya kamata kowane mai kiwo ya yi wa kajinsa. Sai dai kamanninsu ya yi yawa, har ƙwararren likita ba ya rabe su da ido, sai an kai samfuri ɗakin gwaji. Mu a nan mun yi sa'a, babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na ƙasa, LANAVET, yana Bokle, a gefen Garwa, tafiyar da ba ta wuce kilomita ɗari da 'yan kai ba. Allurar Niyukasul ba ta kare kaza daga murar tsuntsaye. Saboda haka idan kajin da aka yi wa allura suka soma zubewa, ko kuma agwagi da zabi suka shiga mutuwa tare da kaji, abin ya wuce na kullum. Kafso da garin magani da ake barbaɗawa a ruwan sha ba sa kashe wannan ƙwaya, ɓata kuɗi da lokaci ne kawai.

Haɗarinta ga mutum

Ba ta cika kama mutum ba, amma idan ta kama tana da tsanani. Tun daga 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa mutum fiye da 850 da H5N1 ta kama a duniya, kusan rabinsu sun rasu. Ƙasar Masar kaɗai ta samu fiye da 300, akasarinsu mata da yara, domin su ne ke ɗawainiyar kajin gida. A Legas, cikin Janairun 2007, wata matashiya mai shekara 22 ta rasu, gwaji ya tabbatar da cewa ita ce.

Mafi yawan waɗanda suka kamu sun kamu ne wajen yanka, da figa, da fitar da kayan ciki na tsuntsu mara lafiya, ko wajen ɗaukar gawarsa da hannu. A nan nake so iyayenmu su saurare ni da kyau. Mun saba idan kaza ta fara layi sai a yi maza a sa mata wuƙa kada ta zama mushe. Wuƙa tana halatta nama, amma ba ta kashe ƙwayar cuta. Jinin da ya fantsama, da ƙurar gashin da ke tashi lokacin figa, su ne ke shiga hanci da ido. Kuma wa ake ba figa a gidajenmu? Uwar gida da yara. Kazar da ta yi ciwo ba ta shiga tukunya, ba a ba maƙwabci, ba a jefa wa kare.

Naman lafiyayyar kaza da ƙwanta ba abin tsoro ba ne idan sun dahu. Zafin da ya kai digiri 70 yana kashe ƙwayar, wato naman ya nuna har ciki babu ja ko ɗigon jini a jikin ƙashi, ƙwai kuma gwaiduwarsa ta daskare. Masu gashi da masu shayi su kula da wannan. Wuƙa da faifan da suka taɓa ɗanyen nama a wanke su da sabulu kafin su taɓa wani abinci.

Duk wanda ya taɓa tsuntsaye marasa lafiya ko matattu ya lura da jikinsa har kwana 10. Idan zazzaɓi ya zo, ko tari, ko ciwon maƙogwaro, ko jan ido, ko numfashi ya yi nauyi, ya zo asibiti a ranar, kada ya tsaya sayen ƙwaya a bakin hanya da zaton zazzaɓin cizon sauro ne. Ya buɗe baki ya gaya mana cewa kaji sun mutu a gidansa ko a rumfarsa, domin wannan magana ɗaya ita ce za ta sa mu nemi abin da ya kamata mu nema. Akwai maganin da ke rage ƙarfin cutar, kuma ya fi aiki a cikin kwana biyun farko. Har yanzu ƙwayar ba ta iya yaɗuwa cikin sauƙi daga mutum zuwa mutum, amma ƙwaya ce mai sauya kama, kuma duk mutumin da ta shiga jikinsa wata dama ce ta samu ta koyi hanyar. Wannan ne ya sa duniya duka ke sa ido a kanta.

Idan mutuwa ta faɗo akurkinka

Kada ka fitar da ko kaza ɗaya, ko ƙwai, ko taki daga gidan. Ka hana yara da baƙi kusantar wurin. Ka aika wa jami'in dabbobi na gunduma, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatar kiwo ta MINEPIA, ka kuma sanar da mai unguwa a ranar. Idan ya zama dole a ɗauke gawa, a sa hannu cikin leda, a rufe hanci da baki da ƙyalle, a ƙulle gawar a wata ledar har jami'i ya zo ya ɗebi samfuri. Bayan haka a haƙa rami mai zurfin da ya kai ƙugun babban mutum ko ya fi, nesa da rijiya da bakin rafi, a zuba gawarwakin, a barbaɗa farar ƙasa, a binne da kyau yadda kare ba zai tono ba. Farar ƙasa kuwa ba ta yi wa mutumin Figil wuya, a garinmu ake yin ta. Kada a jefa mushe a Mayo Luti ko a juji, domin ruwan da ya wuce mu wasu ne za su sha shi.

Na san abin da ke hana mutane kai rahoto: tsoron a zo a kashe sauran kajin. Tsoro ne mai dalili. A Najeriya a 2006 diyyar da aka fara biya naira 250 ce a kan kowace kaza, ƙasa da kuɗinta a kasuwa, mutane da yawa suka ɓoye nasu ko suka sayar a asirce, cutar ta ci gaba da yaɗuwa jiha bayan jiha. Amma ku tuna, garken da wannan ƙwaya ta shiga ya riga ya tafi, domin takan kashe kusan dukkan kajin cikin 'yan kwanaki. Ɓoyewa ba ta ceton naka, na maƙwabcinka kawai take ƙarawa a kan asarar. Idan jami'ai suka zo, ka tsaya a ƙirga tsuntsayenka a gabanka da gaban mai unguwa, a rubuta adadi da iri da rana, ka riƙe takardar. Ita ce hujjarka a duk lokacin da aka zo maganar tallafi.

Abin da kasuwa za ta iya yi da kanta

Akwai darasi daga nesa. A Hong Kong, can ƙasar Sin, cutar ta kama mutum 18 a 1997, shida suka rasu, aka hallaka kaji fiye da miliyan ɗaya cikin 'yan kwanaki. Daga baya suka sa ranakun hutu da ake kwashe tsuntsaye duka a wanke kasuwa, a 2008 kuma suka hana kaza mai rai kwana a rumfa. Bincike ya nuna ƙwayar ta ragu ƙwarai a kasuwanninsu. Dalilin a fili yake: ƙwayar tana buƙatar sabon tsuntsu kullum, idan aka yanke mata layin sai ta mutu a ƙasa.

Kasuwarmu ba irin tasu ba ce, amma hikimar tana aiki a ko'ina, kuma ba ta buƙatar jiran kuɗi daga Yawunde. Ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo a tattauna da shugabannin masu kaji. A raba layin agwagi da na kaji da zabi. A daina ɗora keji a kan keji sai da faranti ko buhu a tsakani. A mayar da wurin yanka da figa gefe guda, nesa da masu abinci da wurin wasan yara, da ruwa da sabulu da ramin zuba gashi da kayan ciki. Masu figa su rufe hanci da baki, su ware rigar aiki da takalmin roba waɗanda ba sa shiga gida da su. Bayan kowace kasuwa a share kashi a binne, a wanke keji da kwanduna da omo tukuna, sannan a bi da ruwan jabel, a shanya a rana, domin jabel ba ya aiki a kan ƙazanta. A sa dattijo ɗaya amintacce a bakin layin kaji, wanda zai mayar da duk tsuntsun da ya ga yana layi, ya kuma riƙe lambar jami'in dabbobi. Fatake kuwa su tsaya a ƙofar gida a miƙo musu kaji, kada su shiga har akurki.

Ga 'yan'uwanmu na Lere da Mubi da sauran garuruwan ƙetare: kuna da wayoyi, kuna da abokan ciniki a nan, mu ma muna da su a can. Idan kun ji kaji na zubewa a wani gari, ku bugo ku faɗa, mu ma za mu bugo muku, kowa ya dakatar da sayayya daga can har a ji sakamakon gwaji. Labarin da ya riga kwando isowa ya fi kowane shinge amfani. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A gida kuma, iyaye mata, ku raba makwancin kaji da ɗakin kwanan mutane, ku raba agwagi da kaji, ku hana yara ɗaukar tsuntsun daji da suka tsinta a mace, ku sa su wanke hannu da sabulu bayan sun kwashi ƙwai ko sun share akurki.

Ƙofar asibitinmu a buɗe take ga mai tambaya, haka ofishin dabbobi. Wanda ya karɓi wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, ya fassara wa wanda bai ji Hausa ba. Allah ya tsare mana iyalanmu da dukiyarmu, ya sa albarka a kasuwarmu, ya kai kowa gidansa lafiya.